Kafin ku nufi bakin tekun Northumberland: amsoshin tambayoyinku

Wani magidanci da ke zaune a Sunderland ya rubuto yana cewa yana son kai iyalinsa tsibirin Holy Island a mota ranar Asabar, ya ji ana cewa ruwa kan rufe hanya. Yana tambaya ko ya isa ya duba da idonsa in ya isa wurin.

Malam, kada ka dogara da idonka. Holy Island, wanda kuma ake kira Lindisfarne, yana gaɓar Tekun Arewa a yankin Northumberland, kusa da iyakar Ingila da Skotland. Daga Newcastle za ka bi babban titin A1 kimanin mil 60, ka sauka a ƙauyen Beal, daga nan ka hau titin da aka shimfiɗa a kan rairayin teku. Sau biyu cikin kowace awa 24 teku na cika ya shafe titin nan, kuma kowane rufewa yakan kai wajen awa 5. Ƙaramar hukumar Northumberland tana wallafa jadawalin lokutan da za a iya tsallakawa lafiya a shafinta na intanet, an kuma kafe shi a allo a bakin hanyar. Ka duba na ranar da za ka je tak, ba na jiya ba, domin cikar teku tana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Lokacin da abokinka ya wuce makon jiya yana iya zama daidai lokacin da hanya ke ƙarƙashin ruwa a wannan makon.

Abin da ke yaudarar direbobi shi ne fasalin hanyar. Wurin da ya fi kwari yana wajen ƙaramar gada da ke kusa da bakin hanyar ta ɓangaren Beal, inda aka gina wani ɗan ɗakin katako a kan dogayen ƙafafu don wanda ruwa ya ritsa da shi. Mai fitowa daga tsibirin yakan ga titi busasshe a gabansa, ya ce ai da sauran lokaci, sai ya yi nisa ya tarar da ruwa a gada, ya waiwaya ya ga bayansa ma ya fara rufewa. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, ruwan gishiri kuwa in ya shiga inji da wayoyin lantarki, motar ta tashi daga aiki. Kowace shekara sai an je ceto wasu a wannan wuri. Shawararmu: ka rage wa kanka minti 30 daga ƙarshen lokacin da jadawali ya bayar, musamman ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi daga arewa, don tana turo ruwa ya iso kafin lokacinsa. In ka makara, ka koma cikin ƙauyen tsibirin ka sha shayi ka jira. In kuwa ruwa ya riga ya tare ku, ku bar motar, ku hau ɗakin katakon, ka buga 999 ka ce a haɗa ka da Coastguard, wato jami'an ceto na bakin teku.

Wata ɗaliba a Newcastle ta ce kuɗinta kaɗan ne, tana da katuwar rigar sanyi mai kumburi da ta saya don hunturun birni. Ko ta wadatar don zuwa bakin teku, ko sai ta sayi wata?

'Yar'uwa, rigar nan taki tana maganin sanyin da ke tsaye wuri ɗaya, amma sanyin bakin teku tafiya yake yi, kuma da laima yake zuwa. Irin mai kumburin nan, in gashin tsuntsu ne a cikinta, da zarar ta jiƙe sai ya dunƙule ya daina riƙe ɗumi. In abu ɗaya kawai za ki saya, ki sayi jaket marar nauyi mai hana ruwa da iska shiga. Ga abin da za ki duba kafin ki biya. Ki juya cikinta ki ga ko an liƙe bakin ɗinkin da siririn tef, domin ta ramukan allura ruwa ke fara shiga. Ki duba takardar da ke rataye a jiki: in an rubuta 10,000mm (ma'aunin ƙarfin hana ruwa shiga) ko sama da haka, za ta jure ruwan sama mai tafe da iska, mai 2,000mm ta yayyafi ce kawai. Hular jaket ɗin ta kasance da igiyar tsukewa, in ba haka ba iska za ta yi ta cire miki ita. Zif ɗin kuma ya zama da marfi a kansa. Ki ɗauki wadda ta ɗan fi ki girma don ki iya sa wasu kaya a ciki. Shagunan kayan yawo irin su Decathlon da Mountain Warehouse suna da masu sauƙin kuɗi, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ma akan dace da mai kyau.

A ƙarƙashinta kaya biyu za ki sa: wadda ke manne da jiki ta zama ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, sai suwaita a kai. Auduga ce ba ma so a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe shi, iska na bugawa sai ki ji kamar an lulluɓe ki da jiƙaƙƙen zane. Wandon jins ma haka yake. Batun hijabi kuwa, zurmemen hijabi da faffaɗan mayafi iska na cika su ta ja mutum, ta kuma yaye su. Ki sa ɗan ƙarami mai kama kai, ki cusa gefensa cikin jaket, doguwar rigarki ta tsaya sama da idon sawu da wando mai kauri a ciki. Maza ma su bar babbar riga a gida. Lema kuwa kada ki ɓata kuɗinki, iskar wurin karya ta take yi. Kuɗin lemar ki sayi safar hannu da su.

Wani matashi daga Middlesbrough ya tambaya: takalmin roba mai dogon wuya zai saya ko takalmin hawan dutse, domin yana son bin tsohuwar hanyar ƙafa ta cikin rairayi zuwa tsibirin.

Ya danganta da inda za ka taka. In yawo ne a dogon rairayin Bamburgh, ƙarƙashin ganuwar nan da ke kan dutse, takalmin hawan dutse mai hana ruwa ya fi, domin yana riƙe idon sawu kuma ba ya gajiyar da ƙafa. Amma hanyar da kake nufi, wadda dogayen sanduna ke nunawa, kimanin mil 3 ce ta taɓo da kududdufai. Nan takalmin roba ya fi amfani, da safa mai kauri biyu, kuma ya kama ƙafarka sosai, don sakakke taɓo na zare shi. Da rani mutane da yawa ƙafa ba takalmi suke bi, su riƙe tawul da busasshiyar safa a jaka.

Sai dai takalmi ƙaramin lamari ne a wannan hanya. Jadawalin ƙaramar hukuma na titin mota ne kawai. Rairayin ya fi titin kwari, don haka ruwa na riga rufe shi. Mai tafiya a ƙafa jadawalin cika da janyewar teku zai duba, ya tashi kimanin awa 2 kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa, ya ba kansa awa 2 na tafiya, ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya ba ratse. Kada ka shiga in ruwa ya fara dawowa, ko da dare, ko cikin hazo. Hazon wannan gaɓa yakan taso daga teku farat ɗaya ko da rana ta fito, ya ɓoye maka sandar da ke gabanka. Ka kuma lura ko jadawalin da kake karantawa ya yi la'akari da ƙarin awa ɗaya da ake yi wa agogon Birtaniya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, domin wasu ba sa sakawa.

Akwai abin da mu masu lissafi da wata muka riga muka sani da zai taimake ka. Teku ya fi cika sosai, ya kuma fi janyewa nesa, kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, lokacin da rana da wata suke jan ruwa a layi ɗaya. A irin waɗannan kwanaki rairayi ya fi faɗi da kyau, kuma ruwa ya fi dawowa da sauri. Dawowar ma ba da gudu ɗaya take ba. Cikin awa 6 da yake ɗauka yana cika, awar farko a hankali yake, amma a awa ta uku da ta huɗu kaɗai rabin ruwan gaba ɗaya ke shigowa. Kuma ba lallai ta gabanka zai zo ba, yakan bi kwaruruka ya zagayo ta bayanka, ka tsinci kanka a kan tudun rairayi ruwa ya kewaye ka. Haka ya faru a Morecambe Bay, a gaɓar arewa maso yammacin Ingila, cikin Fabrairun 2004, inda ma'aikata 'yan China fiye da 20 masu tsintar dodon koɗi suka rasa rayukansu cikin dare.

Wata uwa mai yara uku ta ce ta ga kwale-kwalen roba da ake hurawa a kanti, yaran sun nace. Ta saya?

Hajiya, a bar shi a kanti. Abin wasan nan na tafkin wanka ne. A bakin teku, in iska na kaɗawa daga tudu zuwa ruwa, cikin 'yan mintoci take tura shi nesa da yaro a kai, babu mai iyon da zai cim masa. Ga ruwan kuma da sanyi: ko a tsakiyar rani da wuya ya haura digiri 15, da hunturu yakan sauka wajen 6 ko 7. Wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi numfashinsa kan sarƙe nan take ko da gwanin iyo ne. Abin da ƙungiyar ceto ta RNLI ke koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine, ya buɗe hannu da ƙafa, kunnuwa cikin ruwa, har numfashi ya daidaita, sannan ya nemi taimako. Ki koya wa yaran wannan tun a gida. Yawancin rairayin Northumberland ba masu gadin ruwa, don haka in yaran na son tsoma jiki, ki kai su Longsands a Tynemouth da rani, jirgin Metro na zuwa daga Newcastle, ku tsaya tsakanin tutoci masu ja da rawaya. Jar tuta zalla tana nufin kada kowa ya shiga.

Kuɗin kwale-kwalen ki sayi shingen tare iska, wato yadi mai sanduna da ake kafawa a rairayi, da 'yar gudumar roba ta buga shi. Shi ke sa a iya zama a ci abinci ba tare da rairayi ya cika kwano ba. Ki haɗa da bokiti da ƙaramin shebur, filas biyu, da cikakken canjin kaya ga kowane yaro a cikin leda. Filas ɗaya na shayi, ɗayan na ruwan ɗumi don alwala. Ruwan teku mai tsarki ne, amma sanyinsa da iska za su daskarar da yatsu. Alƙibla daga wannan gaɓa kudu maso gabas take, kuma dardumar salla sai an danne kusurwoyinta da takalma. In cikin Disamba za ku je, ku sani rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka Azahar da La'asar duk a bakin teku za su same ku, ku kuma kama hanyar mota tun da sauran haske.