Ruwan Ɗufana: Ya Faru ne ko Misali ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Nima, nan Accra. Maƙwabcina Kirista, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya ce a cocinsu kai ya rabu: wasu na cewa ruwan ɗufanar da ke cikin Baibul misali ne kawai, wasu na cewa haka ya faru daki-daki. Ya tambaye ni ina Musulunci ya tsaya, na rasa ta cewa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, asalin labarin ba misali ba ne. Allah ya kawo shi a Suratu Hudu, ya rufe a aya ta 49 da cewa wannan yana daga labaran gaibu da yake yi wa Annabi (SAW) wahayinsu. In Alƙur'ani zai buga misali yakan faɗa ƙarara, nan kuwa labari ya kira shi. Annabi Nuhu (AS) ya zauna cikin mutanensa shekara 950, ya sassaƙa jirgi suna wucewa suna yi masa ba'a, ɗansa ya ce zai fake a dutse, igiyar ruwa ta raba su, jirgin ya tsaya a kan Judiyyu. Duk wannan wajibi ne ka gaskata.

Abin da ke cikin littafin Farawa na Baibul, sura 6 zuwa 9, hukuncinsa kashi uku ne, kamar yadda Ibnu Kasir ya rarraba Isra'iliyyat, wato labaran da aka samo daga Ahlul Kitabi. Wanda ya dace da Alƙur'ani mun karɓa. Wanda ya saɓa mun ajiye, kamar cewa 'ya'yan Annabi Nuhu duka sun tsira, ko cewa ya sha giya ya bugu, abin da ba ya dacewa da annabi. Wanda Alƙur'ani ya yi shiru a kansa, irin su tsawon jirgi kamu 300 da ruwan kwana 40, sai mu bi hadisin Buhari: kada ku gaskata Ahlul Kitabi, kada ku ƙaryata su.

Inda ake da sarari shi ne faɗin ruwan. Mafi yawan masu tafsiri sun ce ya game duniya, Shehu Muhammad Abduh na Masar kuwa ya ce babu nassi yankakke a Alƙur'ani kan haka. Kalmar "al-ard", wato ƙasa, da ta zo a labarin, takan zo da ma'anar yanki ɗaya, kamar a Suratu Yusuf inda take nufin Masar. Mu ma ai haka muke magana: daren 3 ga Yuni 2015, da kogin Odaw ya cika ya tumbatsa a unguwar Circle ta Accra, kowa cewa yake ruwa ya cinye gari, alhali unguwar Legon na kan tudu. Ni dai na fi karkata ga jumhuru, wato mafi yawan malamai, amma ba na kafirta wanda ya ɗauki ɗaya ra'ayin.

Maƙwabcin naka kuwa, ka karanta masa fassarar Suratu Hudu aya ta 42 zuwa 44, ka bar musu a kan tsawon jirgi. Wallahu a'alam.