Ciyawar gida ta yi dabbare-dabbare, me ya kamata a yi?

Malam, ka ce ciyawar kiri-kiri da ka dasa a tsakar gida ta fara yin ja-ja wuri-wuri, duk da kana ba ta ruwa kullum da yamma. To, ni ban ruwan yamman nan na fara zargi. Ganye ya kwana a jiƙe, cutar fumfuna ta samu wurin zama. Ka koma ban ruwa da asuba, sau biyu ko uku a mako, amma ƙasa ta sha sosai.

Kafin ka sayi magani, don Allah ka durƙusa ka kama ciyawar da ta bushe ka ja. Idan ta taso kamar tabarma, ba saiwa, to akwai abin da ke cinta daga ƙasa. Tona kaɗan, za ka ga gwazarma fara a naɗe, ko gara da ginin ƙasarta. Idan kuma gefen ganyen ne aka gwaigwaye, zuba cokali 2 na sabulun wanke-wanke a lita 4 na ruwa, ka kwarara a wurin. Cikin minti 10 tsutsotsin za su fito fili. Sai a nan maganin ƙwari ke da amfani.

Kiri-kiri ba ta son inuwa, ƙarƙashin mangwaro ko dalbejiya ba za ta yi kauri ba. A hunturu kuma takan dushe, kada ka ɗura mata taki. In za ka yanke, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta.