Amsa: Haƙar tafarnuwa cikin ruwan sama

Malama Hajiya, kin ce tafarnuwar bayan gidanki ta nuna kuma ruwa ya ƙi tsayawa, ki jira ko ki haƙe? Gaskiya in ganyen ƙasa sun yi rawaya sun fara bushewa kar ki jira, ruwan Jos ɗin nan in ya kankama sai dai ki tono ruɓaɓɓu. Ki samu ranar da aka ɗan yi sarari, ki sa ƙaramar fartanya ki ɗago ta daga ƙasa, banda fizgar ganye, tsinkewa yake yi. Kuma don Allah kar ki wanke! Ni bara na wanke tawa, sati ɗaya duk ta yi funfuna. Ki ɗaure ta dami-dami da ganyenta, ki rataye a baranda inda iska ke shiga, sati 2 zuwa 3, laka da kanta za ta kakkaɓe.