Amsa kan tambayar halin al'umma

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari tambayarka kan abin da ake nufi da halin al'umma, na kuma ga an amsa maka da tuwo da babbar riga da hawan salla, amma ba abin da kake nema ke nan ba. Halin al'umma shi ne abin da mutanen wuri suke ganin girman mutum saboda shi, da abin da suke jin kunyar aikatawa ko da babu hukuma a kusa. Baturen nan Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya wallafa nazari kan mutumin kirki a wajen Bahaushe a 1974, ya lissafa siffofi goma, ciki har da gaskiya da karamci da haƙuri da kunya da amana.

Ni dai amana nake riƙewa, domin a kanta kasuwancinmu ya ginu. A zamanin da, fataken da suke zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, sayen goro, tafiyar watanni da jakuna, sukan sauka a gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, su danƙa masa kaya babu takarda, shi ne zai nemo mai saye, shi ne kuma zai tsaya wa bashi, wanda ya ci amana kuwa labarinsa kan riga shi isa zango na gaba. Har gobe a Kasuwar Barci ta Kaduna za ka ga ɗan gwanjo ya yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi masallaci, maƙwabcinsa ya yi masa ciniki ya ajiye masa kuɗin cif.

Shi ya sa abin da wani tela ya yi mini yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na kai masa shadda tun kafin azumi, ya karɓi kuɗin ɗinki, ranar jajiberi na tarar ko yanka ta bai yi ba, ya dube ni ido cikin ido ya ce in dawo bayan salla. Ba shaddar ce ta dame ni ba, a'a, abokan sana'arsa da ke zaune ne suka yi dariya suka ce ai haka aikin ya gada, babu ko ɗaya da ya tsawata masa. A da, su ne za su fara kunyata shi tun kafin in buɗe baki.

Batun taken Sardauna na aiki da ibada da wani malami ya kawo a wannan tattaunawa kuwa, wannan yana buƙatar zama na musamman, sai bayan isha'i in Allah ya kai mu.