Amsa ga Kawu: yadda muke kusantar Allah Mai Tsarki a baƙuwar ƙasa

Kawu, ina gaishe ku da girmamawa, tare da Inna da dukan mutanen gida. Saƙonku ya iso. Kun ce an nuna muku bidiyon sujadarmu a nan Ingila, kun ga ana addu'a mutane na zaune a kujera, mata da yawa kai ba ɗankwali, majami'a kuma tsit kamar ba kowa a ciki. Sai kuka tambaya ko mu da muka daɗe a nan har yanzu muna sane da cewa Allah Mai Tsarki ne, ko kuwa zaman Turai ya sa mun mai da shi tsaranmu. Na zaɓi in amsa a fili, domin na san ba ku kaɗai ne wannan abu yake damu ba.

Tsoron da ya sa kuka yi tambayar daidai ne, kuma daga Littafi Mai Tsarki kuka samo shi. Da Musa ya matso kusa da kurmin da ke cin wuta, an ce masa ya tsaya, ya tuɓe takalmansa, domin wurin tsattsarka ne, shi kuwa ya rufe fuskarsa. Nadab da Abihu 'ya'yan Haruna ne, firistoci ne naɗaɗɗu, amma da suka miƙa wutar da ba a umarce su ba, nan take suka mutu a gaban Ubangiji. Uzza ma hannu kawai ya miƙa don ya tallafi akwatin alkawari sa'ad da shanu suka yi tuntuɓe, nan take shi ma ya mutu. Ba mu yage waɗannan shafuffuka daga Littafinmu ba da muka hau jirgi.

Wurin da ya fi kama zuciyata shi ne Ishaya sura 6. A sura ta 5 annabin ya yi ta cewa kaito ga waɗansu, har sau shida: masu haɗama, mashaya, masu kiran mugunta nagarta, masu karɓar hanci. Sai a shekarar da sarki Uzziya ya rasu, wajen shekara 740 kafin haihuwar Almasihu, ya ga Ubangiji zaune a kursiyi, talikan sama masu fikafikai shida suna rufe fuskokinsu da ƙafafunsu, suna kiran Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki. A nan kaiton ya juyo kansa. Ya ce shi mutum ne mai ƙazamin baki, yana zaune cikin mutane masu ƙazamin baki. Ku lura, Kawu, Ishaya bai tsarkake kansa ba, ba shi ma da abin da zai yi hakan da shi. Garwashin da ya taɓa leɓunansa daga bagade aka ɗauko shi. Allahn da tsarkinsa ya rushe annabin, shi ne kuma ya tanadi abin da ya ɗauke laifinsa. Dukan yadda muke addu'a a nan a kan wannan yake tsaye.

A zamanin Tsohon Alkawari mutum ɗaya ne yake shiga Wuri Mafi Tsarki, wato babban firist, sau ɗaya kuma a shekara, ran goma ga watan bakwai. Sai ya yi wanka, ya sa tufafin lilin, ya shiga da jinin hadaya da turare, hayaƙin ya rufe murfin akwatin don kada ya mutu. Labule ne ya raba wurin da sauran jama'a. Matiyu ya rubuta cewa da Yesu ya saki ransa a kan gicciye, labulen nan ya tsage gida biyu, daga sama har ƙasa. Shi ya sa wasiƙar Ibraniyawa ta ce mu kusaci kursiyin alheri gabagaɗi. Amma wasiƙar nan ce dai, a sura ta 12, ta ce mu yi wa Allah sujada da ladabi da tsoro, domin Allahnmu wuta ne mai cinyewa. Tsarkinsa bai ragu ba ko kaɗan. Hanya aka buɗe, da jinin da ya fi na bijimai da awaki daraja. Ɗan sarki yakan shiga wurin mahaifinsa ba sai an yi masa iso ba, amma bai isa ya manta cewa wanda ke zaune a gadon nan sarki ne ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da bidiyo bai nuna ba. Mutanenmu a nan sun rarrabu, waɗansu suna zuwa Baptis, waɗansu majami'un 'yan Afirka, ni da iyalina muna Angilikan. Shirun nan da kuka gani lokacin furta zunubi ne. Da an fara sujada akan yi addu'a ga Allah wanda dukan zukata a buɗe suke a gabansa, ba kuma asirin da yake ɓoye masa. Sai a yi tsit, kowa ya binciki kansa, sannan dukan jama'a su furta tare cewa sun yi zunubi cikin tunani da magana da aiki. Kafin jibin Ubangiji akan rera kalmomin nan na Ishaya, Mai Tsarki sau uku. Akwai kuma wata tsohuwar addu'a da Thomas Cranmer, Babban Bishop na Kantabari, ya sa a littafin addu'a na shekarar 1549, har yau ana yinta. Ma'anarta ita ce ba mu zo teburin nan muna dogara ga adalcin kanmu ba, sai ga yawan jinƙansa, ba mu ma isa mu tsinci ɓarɓashin da ke ƙarƙashin teburinsa ba. Na sha ganin tsofaffin da gwiwa ba ta barinsu su durƙusa suna faɗin wannan a zaune da hawaye. Wanda ya kalle su daga nesa zai ce ba su da ladabi.

Mu Hausawa kuma muna da zumuntarmu, muna haɗuwa a gidajen juna mu yi sujada da harshenmu. Akwai abubuwan da muka riƙe da gangan. Ba ma fara addu'a da roƙo. Mukan fara karanta Zabura, sau da yawa ta 99, wadda take maimaita cewa shi Mai Tsarki ne har sau uku, sai mu yi shiru, mu tuba, sannan a kawo bukatu. Mai iya durƙusawa yakan durƙusa. In kuwa an san akwai biyu da ba sa ga maciji da juna, dattawa sukan ja su gefe tun kafin a fara, bisa ga maganar Yesu cewa ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Da yake ba mu da yawa, gaba ba ta ɓuya a cikinmu, ni kuwa ina ganin wannan alheri ne. Da yawa daga cikinmu aikin dare suke yi, don haka wani lokaci ta waya muke haɗuwa. Ko a nan mukan roƙi kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna wuri ɗaya, kada a bar addu'a tana tafiya a aljihu mutum yana harkokinsa.

Batun ɗankwali, iyayenmu mata har yanzu suna ɗaurawa, 'yan mata da yawa ba sa yi. Mun karanta 1 Korantiyawa sura 11, mun kuma san ikkilisiyoyi sun bambanta a kan fassararta. Ba mu mai da shi ƙofar shiga ba.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai haɗari na gaske, sabo kuwa yakan jawo raini. A ƙasar nan an saba da yin magana da kowa kai tsaye, babba da yaro, wannan hali kuma yakan bi mutum har cikin addu'a. Akwai masu kiran Allah Uba da baki, idonsu na kan waya. Akwai wa'azin da ke ta maganar ƙauna amma ba ya taɓa ambaton zunubi, sai alheri ya zama abu mai araha. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai saboda 'ya'yanmu. Abin da muke koya musu shi ne su bi Addu'ar Ubangiji a hankali. Yesu ya ba mu izini mu ce Ubanmu, nan da nan kuma ya ƙara da wanda ke cikin sama, roƙon farko kuwa shi ne a tsarkake sunansa. Sunan Allah da mulkinsa da nufinsa sun riga bukatunmu zuwa.

Ku yi mini haƙuri in ƙara da wani abu, domin raini yana da wata fuska da ba a cika ganewa ba, ana samunta a nan, ana kuma samunta a gida. Akwai addu'ar da mutum yake ba Allah umarni, yana yanka masa wa'adi, yana ganin ƙarfin murya da yawan maimaici ne za su tilasta masa. Mai-Wa'azi ya ce Allah yana sama, kai kana ƙasa, saboda haka ka taƙaita maganarka. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al sun yi ta ihu tun safe har yamma, Iliya kuwa 'yan kalmomi ya faɗa wuta ta sauko. Hannatu kuwa da take addu'a leɓunanta kawai suke motsi har Eli firist ya zaci ta bugu. Ban ce ɗaga murya laifi ne ba. Ibraniyawa sura 5 ta ce Yesu kansa ya yi addu'a da kuka mai ƙarfi da hawaye, ta kuma faɗi dalilin da ya sa aka ji shi, wato tsoron Allah da yake da shi. A misalin da Yesu ya bayar na mutum biyun da suka je Haikali, wanda ya koma gida baratacce shi ne mai karɓar haraji, wanda ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai.

Tambayarku ma tsohuwa ce. Bayan da Babila ta rushe Haikali wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, waɗanda aka kwashe sun zauna a bakin koguna suna tambaya yaya za su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Tun kafin rushewar ma, mutanen da suka rage a Urushalima sun ce wa waɗanda aka fara kwashewa ai sun yi nisa da Ubangiji. Amsar da Allah ya bayar ta bakin Ezekiyel, a sura 11 aya 16, ita ce ko da yake ya warwatsa su cikin al'ummai, shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka tafi. Wannan aya ta riƙe mu sosai. Daniyel ma ya yi aiki a fadar sarakunan da ba su san Allahnsa ba, duk da haka sau uku a rana yana durƙusawa a ɗakinsa, bai fasa ba ko da aka kafa doka a kansa.

Abin da nake roƙo, Kawu, ku sa yaranmu a addu'arku ta asuba, musamman waɗanda suka fara girma suna tambayar abin da ya sa za a ji tsoron Allah mai ƙauna. In kun yarda, ranar da za mu haɗu ta waya a wata mai zuwa za mu kira ku, ku buɗe musu Ishaya sura 6 da bakinku. A gai da Inna da kyau.