Fitilu na rawa bayan sauya kan a-kori-kura

Malam, ka ce tun da aka ɗora wa Hilux ɗinka sabon kai (wato ɗakin direba) a Gusau, fitilun dashbod ke rawa, in ka taka birki sigina ta kama. Kada ka bari a fara yanka wayoyi tukuna, don Allah.

Kan motar a kan robobi yake zaune, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Nemo wayar nagatif mai kauri da ke haɗa bodi da shasi, sau da yawa mantawa ake yi da ita. In tana nan, kwance ta, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Tawa ma haka ta yi mini.

In bai daina ba, duba fis da soket ɗin bayan dashbod, musamman idan shekarar kan da ta motar ba ɗaya ba ce.