Tambaya da Amsa: Malam, ina kiɗan da muke ji tare ya tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai shayi ne a Agege wajen titin jirgi, na fi shekara ashirin ina wannan sana'a a Legas. Da can in dare ya yi a teburina rediyo ɗaya ce muke ratayewa a jikin ƙusa, in Kaduna ta kamu shikenan, in ba ta kamu ba a saka kaset, sai ka ga mai gadi da mahauci da ɗan acaba kowa ya riƙe kofi ya yi shiru ana ji, in an gama kuma a shiga musu, wannan ya ce Shata wancan ya ce ina, Ɗankwairo dai. Yanzu bencin a cike yake alhamdulillah amma kowa da abu a kunne, ba mai jin abin da na kusa da shi ke ji. Rannan na tambayi yaron da ke soya min ƙwai wane irin kiɗa ne yake ji haka yana kaɗa kai, sai ya ce min wai waƙa ce kawai Baba. Malam kiɗan ne ya mutu ko mu ne zamani ya wuce mu?
Daga mai shayi, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Wallahi amsar da yaronka ya ba ka ita ta fi tsaya min a rai, don gaskiya ya faɗa maka, a wajensa waƙa ce kawai, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa kiɗa iri-iri ne kuma kowanne da masu shi.

Ka tuna yadda muke kiran kiɗa a ƙasar Hausa. Ko dai da sunan abin da ake kaɗawa, ko da sunan mutanen da ake kaɗa wa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya ce a gona, garaya ta maharba da 'yan bori, kotso da taushi da tambari na fada ne, ƙwarya da shantu kuma na mata a cikin gida. Wato kafin ma mawaƙi ya buɗe baki, daga sautin farko ka san wa ake kira kuma ka san wajen da ake. Mahauci in ya ji kalangu tsikar jikinsa tashi take don da shi ake, har yau je ka mayankar Oko-Oba ka tambayi dattawan wajen. To Baba, kiɗan da aka haifa don taron jama'a, in taron ya watse me zai riƙe shi? Yanzu noma da ɗan kwangila ake yi ba gayya ba, maƙeri yana walda ne janareta na ruri a bayansa, biki kuma mai DJ ake ɗauka don ya fi araha a kan a kawo makaɗi da 'yan amshinsa mutum takwas a ciyar da su a sallame su.

Shi ya sa ba na yarda in an ce waya ce kaɗai ta yi wannan ɓarna. Waya ta zo ta tarar da abin ya riga ya fara sanyi. Ɗankwairo ya rasu 1991, Shata 1999, Barmani Coge 2013, Ɗanmaraya Jos 2015, kuma tun wajen shekarar 2000 da finafinan Kano suka kankama fiyano ta shigo, mutum ɗaya a situdiyo ya danna ya fito maka da ganga da sarewa da komai. Daga nan ne kiɗan nanaye ya mamaye bukukuwa. Ba ina kushe shi ba ne, akwai masu baiwa sosai a cikinsu kuma ni ma ina ji, amma fiyano ba ta da dangi, ba ta mahauta ba ce ba ta sarki ba ce, sautin da za a yi wa amarya shi za a yi wa ɗan siyasa, a ɗan sauya shi kaɗan a yi yabon Manzo da shi. Tun daga nan iyakokin suka fara gogewa.

Abin da waya ta ƙara shi ne ta raba kunnuwa. Da can gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe 1962, in ya saka waƙa a shirin Zaɓi Sonka, a minti ɗaya ɗin nan mai shayi a Agege da tela a Zariya da ɗan kasuwa a zangon Kumasi abu ɗaya suke ji, ga gaisuwa ana karantowa, wane na gaida wane, har ka haddace sunayen mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ba kai ka zaɓa ba, wani ne ya zaɓa maka, kuma a nan amfanin yake, don dole ka zauna ka ji abin da ba naka ba. Yaron da ba ya son kiɗan fada zai ji shi ko ya ƙi ko ya so, wata rana sai ka ji yana bin amshi. Ko lokacin kaset ma rikoda ɗaya ce a majalisa, batir kuma karo-karo ake yi a saya, to wa zai yarda ya biya kuɗin batir a ce ba za a saka nasa ba? Ai dole a yi ta zagayawa, ana cikin haka kowa ya san na kowa.

Manhajojin yanzu, ko Audiomack ko Boomplay ko YouTube ko Spotify da ya shigo Najeriya a 2021, aikinsu shi ne su lura da abin da ka ji jiya su ƙara maka irinsa yau. Ba sa tambayarka kai ɗan wace sana'a ne ko ɗan wane gari, abin da suke so kar ka ajiye wayar. Har jerin waƙoƙin da suke haɗawa ba da sunan kiɗa suke kiran da yawa daga ciki ba, sai ka ga na barci, na motsa jiki, na tuƙi. Mu namu kuwa duk a buhu ɗaya ake zuba su a rubuta Hausa a kai, Narambaɗa da yaron da ya fito jiya a TikTok duk layi ɗaya. To yaronka da ya tashi a haka, ina zai samo kalmar kotso?

Amma ban yarda kiɗan ya mutu ba, kuma zamani bai wuce ka ba. Waƙoƙin nan yau sun fi sauƙin samu a kan lokacin da sai ka bi mai kaset a kasuwa kana roƙo ya dubo maka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wajen zama a ji tare, da babba a gefe mai cewa tsaya, ka ji abin da ya faɗa nan? Ka san wa yake wa zambo? Wannan kuwa Baba kana da shi, tebur ne da benci da mutane kullum dare. Ka sayi 'yar sifika ta bulutut, ba ta da tsada a kasuwar wayoyi ta Computer Village ko ma a nan Agege, ka rataye ta a ƙusar da rediyon take. Kar ka yi wa kowa faɗa kan abin kunnensa, kai dai ka saka a hankali bayan isha'i. Kuma ka bar yaran su ma su saka nasu, yau naka gobe nasu, in nasu ya zo ka daure ka ji har ƙarshe ka tambaye su wane ne wannan, me yake cewa. In ka ji nasu za su ji naka.

TAMBAYA: Salam Malam, ni matashi ne a Idi-Araba ina ɗan taɓa waƙa. Kakana makaɗin kukuma ne a Katsina kuma ina so in saka irin wannan sautin a waƙata, amma mai situdiyo ya ce ba za ta shiga ba, wai in yi ta gajeriya kar ta kai minti uku, in fara da amshi, a ɗora ta a kan bugun amapiano. Na rasa wanda zan bi. In na gauraya na ci amanar gidanmu ne?
Daga jikan mai kukuma, Idi-Araba.

AMSA: Ɗana, mai situdiyon ba ƙarya yake maka ba, kasuwar ce yake karanta maka. A Spotify sai an ji waƙa daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ta a matsayin an saurara, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba a biyan mai ita komai a kanta. Shi ya sa kowa ke gudun doguwar shimfiɗa, ana so a cafke kunne tun kafin yatsa ya wuce. Kakanka kuwa yana iya shafe minti biyar yana jan kukuma yana gaida mutanen da ke zaune kafin ma ya shiga waƙar, don shi mutanensa suna gabansa ba inda za su.

Gauraye ba cin amana ba ne. Kana zaune a garin da ya fi ko'ina sanin haka. Kiɗan Fuji da kake ji a kowace motar haya ta danfo daga kiɗan tashin sahur na Musulmin Yarbawa ya fito, wanda suke kira were, Sikiru Ayinde Barrister ne ya fitar da shi daga watan azumi ya mai da shi na kowane lokaci. Fela ma haɗa highlife ya yi da jazz da funk ya samu nasa. Amapiano ɗin kansa daga Afirka ta Kudu ya taso, 'yan Legas suka karɓa suka zuba masa gangunansu da harshensu. Abin lura, Yarbawa da suka gauraya ba su saki gangarsu mai magana ba, har gobe tana cikin waƙoƙin yaransu kuma da hannu ake kaɗa ta. Mu ne muka fi saurin sakin namu mu ce fiyano za ta yi.

To abin da zan ce maka, kar ka bari a kwaikwayi kukuma da fiyano a ce maka ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kan kukuma akwai wani kuka da gashin doki ke yi wanda na'ura ba ta kamo shi. In ba ka iya ba ka je gida ka koya, ko wata biyu ne, in akwai wanda ya gaji kakan naka ka zauna a gabansa. In kuma ka iya, ka ɗauke ta ka shiga da ita situdiyo a naɗa. Ka yi gajeriyar don waya kamar yadda ya ce, ba laifi, sannan ka yi doguwar yadda ranka ke so ka ajiye ta a YouTube. Kuma wajen rubuta bayanin waƙar ka rubuta kukuma ɓaro-ɓaro da sunan garinku, don mai nema ya samu, wanda bai sani ba kuma ya tambaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu bara a nan Mile 12, Allah ya jiƙansa, ya bar kwali biyu cike da kaset, wasu na wa'azi wasu na makaɗa, har da wanda aka naɗa ranar bikinsa da mahaifiyarmu ana kiɗan ƙwarya. Yayyena sun ce a zubar tunda komai yana intanet. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Ya zan yi?
Daga 'yar'uwarku, Mile 12.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa kar ki bari a zubar, don ba komai ne ke intanet ba. Na manyan mawaƙa da aka buga aka sayar wataƙila akwai su, amma kaset ɗin bikin iyayenki duk duniya ke kaɗai ke da shi, kuma irin waɗannan na gida su ne suka riƙe muryoyin matan da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, masu ƙwarya da masu guɗa da zabiyoyin unguwa.

Ki yi sauri kuma, don danshin Legas ba ya barin kaset, zaren yana yin fumfuna ya manne. Ki fito da su daga kwalin ki ajiye a wuri busasshe nesa da rana da sifika, don maganaɗisu yana goge su. Kafin a saka kowanne a rikoda a sa biro a ramin a juya a hankali a ga ko zaren yana tafiya, in ya ƙi kar a tilasta. Ki nemi masu gyaran rediyo ko masu tura waƙa a memori, akwai waɗanda ke juye kaset zuwa waya, ki fara ba su guda ɗaya da ba shi da muhimmanci ki ji aikinsu kafin ki miƙa na bikin, kuma gara ki zauna a yi a gabanki. In an juye kar ki bar shi da lamba kawai, ki rubuta ko na waye, wane kiɗa ne, wane gari, wace shekara in an tuna, kuma ki ajiye a wuri biyu ko uku.

Ranar da za ki fara saka na bikin kuwa, kar ki ji shi ke kaɗai, kar kuma ki tura a guruf ɗin gida na WhatsApp tukuna. Ki kira yayyen naki da 'ya'yansu ranar Juma'a bayan la'asar, ki zaunar da Mama a tsakiya ki kunna. Ita ce za ta gaya muku muryar wacce ce ke guɗa, wa ke kan ƙwarya, wace ce ta yi liƙi har aka ambaci sunanta, ke kuma ki sa wata wayar a gefe tana naɗar abin da Mama ke faɗa.